Yadda ake zaman sulhun aure ba tare da an danne haƙƙin kowa ba

Duk wanda aka wayi gari aka ce masa ɗiyar ƙanwarsa ta yi yaji, ko ƙanensa ya saki matarsa, kuma shi ake jira ya shiga tsakani, da shi nake magana. Na yi aikin rubutu a kotun shari'a a nan Sakkwato har na aje aiki, yanzu kuma a zauren mai unguwarmu ake kirana idan an kawo rikicin aure. Abin da na gani a wuraren nan biyu yana damuna ƙwarai. Yawancin zaman da muke kira sulhu, a tara dattawa ne, a ce wa mace ta yi haƙuri, a ce wa namiji ya ji tsoron Allah, a shafa fatiha, a watse, ba a ko taɓa abin da ya kawo faɗan ba. Kafin wata ya zagayo ta sake ɗaure kayanta, wannan karon kuma kotu ta nufa.

Sulhun da ke ɗorewa shi ne wanda aka kira kowane haƙƙi da sunansa, aka faɗi wanda zai sauke shi, da adadinsa, da ranarsa, aka rubuta. Ko auren ya ci gaba, ko a rabu, duka biyun sulhu ne idan ba a zalunci kowa ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan an ji tsoron saɓani tsakanin ma'aurata a ɗauko mai hukunci ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A mazhabarmu ta Malikiyya mutanen nan biyu ba 'yan rakiya ba ne: idan alƙali ya naɗa su suka ga zaman ba zai yiwu ba, suna da ikon raba auren. Hadisi kuma ya sa iyaka, cewa sulhu ya halatta tsakanin Musulmi sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal.

Kafin a shimfiɗa tabarma

Tambayar farko, tun ba ka kira kowa ba: an yi saki ko ba a yi ba? Idan an yi, da wane lafazi, sau nawa, wace rana? A baki ne, a takarda, ko a saƙon waya? A lokacin tana cikin tsarki ko tana al'ada? Akwai ciki? Kada ka ji nauyin tambayoyin nan, domin duk sauran aikin a kansu yake. Idan saki ɗaya ne ko biyu kuma idda ba ta cika ba, miji na da damar kome ba tare da sabon sadaki ba. Idan idda ta cika sai da sabon ɗaurin aure, da yardarta, da waliyyi, da sadaki. Idan na uku ne, maganar komawa ta ƙare, abin da ya rage a zauna a kansa shi ne yara da kaya.

Rubuta lafazin yadda ya fito daga bakin mijin, kada ka gyara masa, ka kai wa malamin da ya san fiƙihu ko alƙali. Idan ba fanninka ba ne, kada ka yanke da kanka cewa fushi ne don haka bai saku ba. Kada kuma ka taya dangi ɓoye lissafi. Akwai gidajen da kowa ya san saki uku sun cika amma aka haɗa baki aka ce biyu ne don gudun surutun unguwa, ko aka nemo auren kisan wuta. Wannan shi ne sulhun da ya halatta haram, kuma mai shiga tsakani yana da kashinsa na zunubin.

Sai zaɓen waɗanda za su zauna. Daga kowane ɓangare a samo mutum ɗaya wanda ake jin nauyinsa kuma ba shi da saurin fushi. Sau da yawa kawu ko baffa ya fi uba dacewa, domin uba ko dai zafin abin ya rufe masa ido, ko kunyar surukai ta sa ya kori ɗiyarsa ta koma tun ba ta buɗe baki ba. Wanda mijin ke biya wa kuɗin haya ko yake ci daga shagonsa ba zai iya faɗa masa gaskiya ba, a bar shi a gida. Lallai ne kuma a sami dattijuwa, goggo ko inna ko malamar Islamiyyarta. Akwai maganganun da mace ba za ta taɓa furtawa a gaban maza ba, musamman abin da ya shafi shimfiɗa, kuma sau da yawa can ciwon yake.

A ji kowa shi kaɗai

Kada ka haɗa su tun ranar farko. Zauna da kowa daban, ka bar shi ya zube abin da ke cikinsa ba ka katse shi ba. Abin da mutum ya fara faɗa da wuya ya zama ainihin damuwarsa.

An taɓa kawo mana wata yarinya da goyonta, mijin ya yi sabon aure, kowa ya riga ya yanke cewa kishi ne. Tana zaune a bakin ƙofar zaure, ta ja mayafi har goshi, yatsanta na bin saƙar tabarma. Na ce, "Ɗiyata, faɗa muna abin da ke damunki." Ta ce, "Baba, ba komi." Haka ta yi ta maimaitawa. Sai na ce goggonta ta shiga da ita cikin gida wajen iyalin mai unguwa. Can ta buɗe baki: "Goggo, ni ba kishiya ad damuwata ba. Makullin sito na hannun innatai. Ko kunun ɗiyana za ni damawa sai na roƙa." Da na gaya wa mijin, ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Wallahi Baba, ban san haka abin shike ba. Ni dai ina aje hatsi in fita." Gyaran bai wuce a riƙa auna mata nata kason a kai ɗakinta duk Juma'a ba, uwar miji kuma aka bar mata makullinta da girmanta. Da an tsaya a kan "yi haƙuri da kishiya", da an yi wa yarinyar nan nasiha kan laifin da ba ta yi ba.

Tambayar da nake rufe zaman kowa da ita ita ce: me kake so a yi? Mutane sun iya lissafa laifin juna, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka faɗi abin da zai gamsar da su. Ka kuma tambaya a fili wace magana aka yarda ka kai wa ɗaya ɓangaren, wace ce amana. Idan amana ta fita daga bakinka sau ɗaya, ba wanda zai ƙara gaya maka gaskiya a unguwar.

Ranar haɗuwa

Wurin ya zama na tsaka-tsaki: zauren mai unguwa, gidan liman, ko gidan dattijon da duka biyun ke girmamawa. Gidan iyayen miji bai dace ba, domin ita da danginta baƙi za su zama. A zafin Sakkwato na watan Afrilu kada ka tara masu fushi da tsakar rana. Bayan la'asar ko da hantsi ya fi. Mutane kaɗan, yara kuma a tura su maƙwabta. A kashe wayoyi, a kuma faɗa tun farko cewa ba a yarda kowa ya naɗi murya ba, don na ga maganar zaure ta koma yawo a WhatsApp ta rusa abin da aka gina.

Wanda ya kawo kuka shi ke fara magana. Idan ya gama, kai ka maimaita abin da ka ji a taƙaice, ka cire zagin ka bar ƙorafin, ka tambaye shi ko haka ne. Sannan ɗayan ya amsa. Abu ɗaya-ɗaya ake ɗauka, a gama shi kafin a taɓa wani, kuma a fara da mai sauƙi don su ga cewa ana iya daidaitawa. Idan murya ta tashi, a ɗaga zaman zuwa gobe. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, babu abin kunya a zama biyu ko uku.

Idan za a koma, kada ka karɓi "zan gyara" ko "na daina". Cefane nawa, kuma yaushe? Kwana bibbiyu ne rabon ko ɗaiɗai? Za ta ci gaba da zuwa Islamiyya ko makarantar da aka yi alkawari kafin aure? Yaushe za ta riƙa zuwa ganin iyayenta? Ita ma a faɗa mata nata a fili, ko fita ba izini ne, ko kai sirrin ɗaki gidansu, ko raina mahaifiyarsa. Idan kome ne, a kafa shaidu biyu adalai kamar yadda aya ta 2 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Idan yaji ne, mijin ya je biko da kansa ko ya aika manyansa. A turo mata ɗan acaɓa ya ɗauko ta wulaƙanci ne, kuma za ta riƙe shi a zuci.

A garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance bai kamata a riƙa tunatar da mu wannan ba. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata game da masu cusa musu biyayyar miji ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba. Mai sulhun da ya haddace haƙƙin miji kaɗai, rabin karatu ya zo da shi.

Idan rabuwa ce

A nan aka fi zalunci, domin da zarar an ce aure ya mutu sai dattawa su kaɗe riga su tashi, alhali a lokacin ne aka fi bukatarsu.

Fara da idda. Tsarki uku ne ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, mai ciki kuma sai ta haihu. Wadda aka saka kafin tarewa ba ta da idda, tana da rabin sadakin da aka yanka. Al'adarmu ita ce mace ta bar gida ranar da aka miƙa mata takarda, amma aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi kada a fitar da su daga gidajensu. A sakin da ake iya kome, ci da sha da wurin kwana duk suna kan miji har idda ta cika. A saki uku ko khul'i, wato mace ta fanshi kanta, tana da wurin zama, ciyarwa kuma sai idan tana da ciki. Idan zama gida ɗaya zai jawo fitina har aka ga ta yi iddar a gidansu, to a yanka abin da zai riƙa aikawa. A kuma tuna masa da mut'a, kyautar sallama da aya ta 241 a Baƙara ta ambata, gwargwadon ƙarfinsa. Mutane da yawa ba su taɓa jin ta ba.

Idan ita ce ke son fita, a bambance abu biyu. Wadda ba a cutar da ita ba, zaman ne kawai ba ta so, ita ke fansar kanta da khul'i. Maza kan zo da dogon lissafi: lefe, toshi, kuɗin gaisuwar iyaye, har goron ɗaurin aure. Matar Sabitu bin Ƙais gonar da ya ba ta sadaki Annabi (SAW) ya ce ta mayar, don haka daga sadaki ake fara magana. Malikiyya sun halatta fiye da haka idan ta yarda, amma kada ka bari a ɗora mata abin da an san ba ta iya biya don a riƙe ta. Wadda kuwa ake duka, ko aka bar ta ba ci ba sutura, ko aka ƙaurace mata, alƙali na iya raba auren saboda cutarwa ba ta biya ko kwabo ba. Har ma idan ta biya sannan ta tabbatar da cutarwar, tana da damar a mayar mata da kuɗinta. Kada mai sulhu ya sa mace ta sayi abin da shari'a ta ba ta kyauta.

Kayan ɗaki a rubuta su ɗaya bayan ɗaya kafin a kira mota, mace ɗaya daga kowane ɓangare tana tsaye. Gado, katifa, kujeru, kwanuka, duk abin da iyayenta suka yi mata jere da shi nata ne. Inda aka yi jayayya kuma babu shaida, ƙa'idar malamanmu ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa mace da rantsuwarta, na maza a bar wa namiji da tasa. Na ga an kusa ba hammata iska a kan keken ɗinki ɗaya, shi yana cewa shi ya ɗauko shi daga kasuwa, ita tana cewa da kuɗinta ne. Uwar adashinsu aka kira, ta zo da littafinta mai bangon shuɗi duk ya sha manja, ta buɗe shafin da aka rubuta kwasar matar a makon da aka sayi keken. Mijin ya duba ya ce a sa mata a mota. Bashin da ke tsakaninsu ma, da ragowar sadaki idan akwai, da akuya ko tunkiyar da take kiwo, a sa su a takardar.

Yara

Nan nake so a fi daɗewa. Abin da aka saba shi ne da an yaye yaro uba ya aiko a ɗauke shi, wani lokaci ma don a ƙona wa uwar rai ne kawai, a kai shi hannun kishiya ko kaka mai fama da kanta. A Malikiyya riƙon yaro na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ya koma wajen kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. Ana karɓe riƙo idan an tabbatar mai riƙon ba ta da amana ko yaron na cutuwa, amma zargi kawai bai isa ba. Uba kuma yana nan a matsayin waliyyi: tarbiyya, karatu da aurarwa da shi ake yi, kuma ciyarwa, sutura, magani da wurin kwana duk a wuyansa suke ko da yaran ba sa gidansa. Wadda aka saka saki yankakke tana shayarwa, tana da ladan shayarwa.

Wani lokaci miji kan ce zai sake ta idan ta bar masa yaran, ko ta ɗauke masa ciyar da su. Akwai maganar malamai kan halaccin irin wannan sharaɗi a khul'i, amma ni ba na son a yi ciniki da yara. Macen da ta matsu ta fita za ta amsa komai, bayan wata shida kuma ita ce ke kuka a ƙofar kotu.

Wajen yanka ciyarwa, ga shawarar da na ga tana aiki. Kuɗin da aka yanka bana ba zai sayi abin da yake saye ba baɗi. Don haka a yanka hatsi da awo, kwano kaza na gero, kaza na shinkafa a wata, sannan a ɗora kuɗin cefane da za a riƙa dubawa duk shekara, misali bayan babbar salla. A sa rana, a ce 5 ga kowane wata. Ma'aikaci ya tura ta banki don shaida ta zauna a waya. Manomi ko ɗan kasuwa ya bi ta hannun mutum ɗaya da aka amince da shi, kada a riƙa aiken yaran su karɓo. Yaron da ake turawa wajen ubansa karɓar kuɗin abinci yana dawowa da maganganun da ba su kamaci kunnensa ba. A faɗi wanda zai biya kuɗin makaranta da na Islamiyya, da kayan salla, da abin da za a yi idan ciwo ya taso da dare. A faɗi ranakun da za su je wajen uba, da inda za su yi hutu, da wanda zai kai su ya dawo da su, musamman idan ita ta koma Gwadabawa ko Tambuwal shi yana cikin gari. Takardar haihuwa da katin rigakafi su bi yaron inda yake kwana.

Inda sulhu ya tsaya

Idan mace ta zo da rauni a jiki, ko an yi mata barazanar kisa, ko an taɓa yarinya, ba zaman zaure ne farko ba. Asibiti ne, sannan hukuma. A 2021 jihar Sakkwato ta sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, duka a cikin gida laifi ne da ake hukuntawa. Kada ka mayar da ita ɗakin da take tsoro don a ce ka iya sulhu. Haka idan ɗaya ya ƙi zuwa, ko yana zuwa yana ja da lokaci don ta gaji, a wuce gaba: hakimi, uban ƙasa, Hisba, ko kotun shari'a kai tsaye. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure, saki da riƙon yara. Maƙwabtanmu da suka yi auren rajista kuwa, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi a ƙarƙashin dokar ƙararrakin aure ta 1970, ita ma ta ɗora wa alƙali duba yiwuwar sasantawa. Zaure na iya taimaka musu su daidaita kan yara da kaya, amma ba ya kashe auren.

Duk abin da aka cim ma a rubuta shi nan take, kafin a tashi, da Hausar da kowa ke ganewa, boko ko ajami. A karanta da ƙarfi, a tambayi matar ita da bakinta ko ta yarda, ba waliyyinta kaɗai ba. Su sa hannu ko su dangwala yatsa, shaidu biyu su sa, a rubuta kwanan wata na Musulunci da na bature. Kowa ya tafi da kofinsa, ɗaya ya zauna wajen mai unguwa, a kuma ɗauki hoton takardar a waya. Idan akwai yara ko kuɗi mai yawa, ku ɗauki takardar ku kai kotun shari'a mafi kusa, alƙali ya tambayi kowa ya tabbatar da yardarsa, ya shigar da ita a matsayin hukunci. Daga ranar, duk wanda ya saɓa, umarnin kotu ya saɓa, kuma ana iya tilasta shi.

A cikin takardar a sa ranar da wakilan biyu za su koma dubawa, bayan wata ɗaya ya isa. Dattijuwar ta shiga ta ga matar ita kaɗai, ta leƙa tukunya, ta dubi yaran. Idan an ga saɓawa a karon farko a kira mutum a tuna masa abin da ya sa wa hannu. Idan ya maimaita, a ba ɗaya ɓangaren takardarsa, wakilinsa ya raka shi kotu a yanko sammaci.